Hotonka a Wurin Aiki da Shafinka na Sada Zumunta: Ina Ikon Mai Gida Ya Tsaya?

Wannan shafi na ma'aikata ne: malaman makarantun kuɗi, ma'aikatan asibiti da kemis, 'yan banki da masu POS, yaran shago, ma'aikatan gidan mai da otal, har da na gwamnati a sakatariya da ƙananan hukumomi. Tambayoyin su ne irin waɗanda ke yawo a bakin ma'aikata a Katsina da Daura. Bayani ne na wayar da kai. Wanda maganarsa ta kai ga kora ko kotu, ya kai wa lauya takardunsa ya duba.

Wai akwai dokar da ta yi magana a kan hoton ma'aikaci a Najeriya?

Akwai. Tushen maganar shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganarsu ta waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai. Daga baya, a watan Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, mai hedikwata a Abuja.

A wurin wannan doka, duk abin da za a iya gane mutum da shi bayaninsa ne: suna, lambar waya, zanen yatsa, murya, da fuska a hoto ko bidiyo. Ɗaukar hoton, ajiye shi, tura shi, buga shi a kalanda, duk sarrafa bayani ne. Doka ce ta tarayya, saboda haka makarantar da ke Ƙofar Kaura da kantin da ke kan titin IBB suna ƙarƙashinta daidai da bankin da ke Legas. Abin da ta ware shi ne abin da mutum ya yi don harkar kansa da ta iyalinsa kawai, kamar hoton suna ko na Sallah, muddin bai tauye sirrin wani ba.

To dole ne sai an nemi izinina kafin a ɗauke ni hoto?

Ba kullum ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, wasu su ɗauka mai gida na da ikon komai, wasu su ɗauka ba shi da ikon komai.

Sashe na 25 na dokar ya jera dalilan da ke halatta sarrafa bayanin mutum. Izini ɗaya ne daga ciki. Akwai kuma cika yarjejeniyar da ke tsakaninku, da cika wajibin da wata doka ta ɗora, da ceton rai, da aikin da ya shafi maslahar jama'a, da halastacciyar buƙata ta mai aikin. Hoton katin shaidar aiki, hoton da ke cikin fayil ɗinka, hoton tantance ma'aikata don biyan albashi ko fansho, waɗannan aikin ne ya kawo su, kuma da wuya ka ƙi su ka ci gaba da zama.

Talla daban take. An ɗauke ka don ka koyar da lissafi a aji huɗu, ko ka auna magani, ko ka zuba mai. Ba a ɗauke ka don fuskarka ta jawo ciniki ba. Idan za a sa ka a allon talla, ko bana ta neman sababbin ɗalibai, ko bidiyon TikTok na shagon, to hanya mafi tsafta ita ce a tambaye ka. Mai gida na iya cewa halastacciyar buƙatarsa ce, amma dokar ta ce wannan hujja ba ta tsayawa idan ta danne haƙƙin mai bayanin, ko idan abin da aka yi ba abin da mutum zai yi tsammani ba ne. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: aikin nan zai tsaya cik idan babu wannan hoton? Idan ba zai tsaya ba, kana da bakin magana.

Lokacin da ake ɗauka ina wurin, ban ce komai ba. Ba shi ke nan na yarda ba?

A'a. Sashe na 26 ya faɗa ƙarara cewa shiru ko rashin motsi ba izini ba ne, kuma mai sarrafa bayanin ne zai kawo shaidar cewa an ba shi izini. Ba kai za ka tabbatar da cewa ba ka bayar ba.

Wannan sashe kamar da mu aka rubuta shi. A ƙasar nan yaro ba ya ce wa ubangidansa a'a a gaban mutane. Alhaji ya shigo da mai kyamara, ya ce kowa ya miƙe a jeru, wa zai ce shi ban da shi? Malama na jin nauyin mai makaranta, wataƙila ma ƙawar mahaifiyarta ce, ko ita ta taimaka mata da kayan ɗaki. Sai ta gyara mayafi ta tsaya, zuciyarta ba ta so. Dokar ta san da irin wannan, shi ya sa ta ce izini sai wanda aka bayar da son rai, bayan an san abin da ake nema da inda za a kai shi. Ta kuma ce a duba ko an rataya yarjejeniya a kan wani abu da yarjejeniyar ba ta buƙata. Izinin da aka karɓa da tsoron rasa albashi ba shi da ƙarfi.

Sai dai a faɗi gaskiya: hujjar doka daban, zaman lafiya a wurin aiki daban. Ya fi sauƙi ka ja oga gefe tun kafin a buga, ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri, ba na son hotona ya fita waje," a kan ka zo bayan an kashe kuɗi an manna bana goma a gari. Yawancin masu gida ba mugunta ce ke sa su ba. Ba su taɓa tunanin abin tambaya ba ne.

Na sa hannu a takardar ɗaukar aiki, kuma akwai layin da ya ce za su iya amfani da hotona. Na makara?

Ba ka makara ba. Sashe na 35 ya ba ka damar janye izini a duk lokacin da ka ga dama, kuma janyewar bai kamata ta fi bayarwar wuya ba. Abin da aka riga aka yi kafin ka janye halastacce ne, ba za ka dawo ka ce an yi maka laifi a kansa ba. Amma daga ranar da ka sanar, sai a daina. Hoton da ke Facebook ko shafin intanet a sauke shi, wannan aikin minti biyu ne. Kalandar da aka riga aka raba wa jama'a kuwa ba mai bin gida gida ya karɓo ta. Abin da za ka nema shi ne kada a sake bugawa da kai.

Banda wannan: wanda aka yi ciniki da shi musamman don talla, aka biya shi kuɗin fuskarsa, yarjejeniyarsa ta daban ce, kuma ita za a fara dubawa.

Ni matar aure ce, maigidana bai yarda hotona ya riƙa yawo ba. Mai makarantarmu ta ce duk malamai sai sun fito a shafin makaranta.

Malama, kina da ikon ƙi, kuma ba sai kin jingina da maigidanki ba. Haƙƙin naki ne, ko da aure ko babu. Budurwa, bazawara, namiji ma, duk ɗaya ne a nan. Ba dole ba ne ki bayyana dalili, amma idan faɗin dalilin zai sa Hajiya ta fi saurin fahimta, ba laifi.

Ki ba ta mafita, domin ƙi zalla yakan zama rigima. A rubuta sunanki da darasin da kike koyarwa ba hoto. A ɗauki allon aji ko aikin ɗalibai. Idan hoton taro ne, ki tsaya daga wajen kyamara. Iyaye ba kyawun malama ke sa su kawo 'ya'yansu ba.

Mai sa niƙabi kuma, hoton katin shaida abu ne da ake iya daidaitawa: mace ta ɗauka a keɓe, a yi katin, hoton ya tsaya a katin da fayil. Abin da ba daidai ba shi ne a ciro wannan hoton daga fayil a sa shi a talla, domin dokar ta ce bayanin da aka karɓa don wata manufa kada a juya shi zuwa wata manufar da ba su dace ba.

Wasu na cewa tsoron hoto ƙauyanci ne. Mene ne abin damuwa?

A jihar da ta ga abin da ta gani a Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, wannan ba tambayar yi ba ce. Hoto da cikakken suna da muƙami da wurin aiki, an haɗa wa mai mugun nufi duk abin da yake nema. A sa hoton yaro a rubuta "mai kula da kuɗi", ko a nuna mai POS yana ƙirga damin kuɗi don a burge masu kallo, alhali kullum da yamma yana hawa babur ya koma garinsu. Ma'aikacin lafiya ko malamin da aka tura ƙauye ma haka. Duk wanda ya nemi a ɓoye fuskarsa saboda tsaro, a ganina bai kamata a ja da shi ko da minti ɗaya ba.

Akwai kuma 'yan damfara da ke kwafar hoton ma'aikaci da tambarin wurin aikinsa su buɗe shafin bogi su karɓi kuɗin mutane. Ranar da abin ya fashe, fuskar da aka sani ita za a nema a unguwa.

Na bar aikin shekara guda ke nan, har yanzu hotona na kan allonsu.

Rubuta musu ka nemi a cire. Sashe na 34 ya ba ka damar neman a goge bayaninka idan buƙatar da ta sa aka karɓe shi ta ƙare. Barin fuskarka a talla bayan ka tafi yana nuna wa jama'a kana nan, kuma idan likita ne kai ko malami da aka sani, da sunanka ake ci. Fayil ɗinka na aiki kuwa suna iya riƙe shi saboda haraji, fansho da makamantansu.

Mai hoton ya ce shi ya ɗauka, don haka nasa ne.

Haƙƙin mallakar hoto, a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, yakan fara ne daga wanda ya ɗauka, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. Wannan ya hana wani ya kwafi aikinsa. Bai ba shi lasisin yin talla da fuskarka ba.

Oga ya ce in ba shi kalmar sirrin Facebook ɗina, ko in buɗe masa WhatsApp ya duba. Dole ne?

Ba dole ba ne. Wayar da ka saya da kuɗinka, da layinka, da saƙonnin da ke ciki, su ne ainihin abin da sashe na 37 na tsarin mulki ya kare. A cikin wayar nan akwai hirarka da iyalinka, akwai maganar rashin lafiya, akwai bashi, akwai sirrin wasu mutanen da ba su san ogan ba balle su ba shi izini. Addini ma ya riga kowa: aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin juna.

Idan ana zargin sata ko fitar da sirrin kamfani, akwai hanya: a ba ka takardar tuhuma ka amsa, a kafa kwamiti, in abin ya kai laifi a kai wa 'yan sanda su bi ta hanyar da doka ta tsara. Mai gida ba ɗan sanda ba ne. Shiga shafin mutum ba da izininsa ba kuma na iya zama laifi a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015. A Amurka abin ya taɓa yin ƙamari har jihohi suka fara kafa doka takanas don hana masu ɗaukar aiki neman kalmar sirri, jihar Maryland ce ta fara a 2012. Mu ba mu da doka mai wannan suna, amma tsarin mulki da dokar 2023 sun rufe ƙofar.

Waya ko kwamfutar ofis, da imel ɗin aiki, nan ikon mai gida ya fi faɗi, musamman idan an sanar da kai tun farko cewa ana sa ido. Kada ka buɗe shafinka a kwamfutar ofis ka tashi ka bar shi. Kada ka ajiye hotunan iyali a wayar kamfani.

An ce kowa ya sa tallan shagon a sitatus kullum, kuma ya mayar da hoton shafinsa tambarin kamfani. Wanda bai yi ba za a cire masa a albashi.

Wannan ya zama ruwan dare, musamman a makarantu lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Roƙo ba laifi ba ne, kuma da yawa za su yi da son rai don cinikin wurin cinikinsu ne. Tilas ce matsalar. Shafinka ba kayan aiki ba ne, data ɗinka ake ƙonawa, abokanka da danginka ake yi wa talla. Idan tallata kaya a intanet na cikin aikin da aka ɗauke ka, to a ba ka layi da shafi na kamfani.

Yankan albashi kuwa ba abin wasa ba ne. Dokar Ƙwadago ta taƙaita abin da ake iya cirewa daga ladan ma'aikacin da ta shafa, kuma tarar da oga ya ƙirƙiro da bakinsa ba ta cikin abin da ta sake wa mai gida ya yi yadda ya ga dama. Haka batun neman abota: ba dole ka karɓi ogan a Facebook ba, ba dole ka bi shafinsa ba.

Za a iya korata saboda abin da na rubuta a shafina, a gidana, bayan an tashi aiki?

Ana iyawa, a wasu halaye. Wannan ce amsar da ba a so a ji.

Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu da zaman lafiya. Abin da ka sa a fili, kowa na gani, ba za ka kira shi sirri ba. Idan ka zagi abokan ciniki, ka tona lissafin kamfani, ka yi wa abokin aiki ƙazafi, ko ka yi bidiyon rashin kunya sanye da yunifom ɗin wurin, mai gida na da hujjar cewa ka taɓa kasuwancinsa. Idan kuwa abin da ka rubuta ra'ayinka ne a kan tsadar taki, ko ƙwallo, ko wani malami da kake bi, kuma bai haɗa hanya da aikin ba, hujjarsa ta yi rauni ƙwarai. Ra'ayin siyasa, addini, ƙabila, lafiya da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago suna cikin bayanan da dokar 2023 ta ba kariya ta musamman.

A da, ƙa'idar ita ce mai kamfani zai iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, in dai ya ba da notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk rigimar aiki da duba yadda ake yi a duniya, wannan kotu ta yanke a shari'o'i da dama cewa kora na buƙatar dalili mai tushe. Ba kowane hukunci ne ya tafi a kan wannan layi ba, shi ya sa abin da ke rubuce a takardar ɗaukarka ke da nauyi sosai.

Wani abu kuma: "ai abokaina kawai na nuna wa" ba katanga ba ce. Mutum ɗaya ya ɗauki sikirinshot, kafin la'asar ya isa teburin oga. Magana zarar bunu ce.

Ni ma'aikacin gwamnati ne. Haka abin yake a wurina?

Naka ya fi tsauri ta wani gefe, ya fi kariya ta wani. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana fitar da takardun ofis da bayanan hukuma ba da izini ba, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Ɗaukar hoton wata takarda daga fayil a jefa ta zauren WhatsApp na iya cin aikin mutum, ko da niyyarsa mai kyau ce. Amma kai ba a korarka da baki. Sai an bi matakai: tuhuma a rubuce, damar kare kai, sannan hukumar da ke da hurumi ta yanke. In aka tsallake mataki, kotu na iya mayar da kai bakin aiki, abin da ba kasafai ake yi wa ma'aikacin kamfani ba.

Batun siyasa, Kotun Ƙoli a shari'ar INEC da Balarabe Musa ta 2003 ta soke tanadin da ya hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan jam'iyya. Wannan bai mayar da ofis dandalin kamfe ba, bai kuma halatta zagin shugabanni da sunan ra'ayi ba.

Kyamarar tsaro fa, da na'urar dangwala yatsa?

Kyamara a bakin ƙofa, wurin karɓar kuɗi ko sito, halastacciyar buƙata ce, da sharaɗin a sanar da mutane akwai ta. A banɗaki, wurin canza kaya ko inda mata ke shayarwa, babu hujjar da za ta wanke ta. Abin da ta naɗa don tsaro ne. A yanko inda wani ya yi tuntuɓe ko yake gyangyaɗi a watsa don dariya, an fita daga manufa.

Zanen yatsa da na fuska suna cikin bayanai masu kariya ta musamman. Kana da ikon tambaya: ina ake ajiye su, wa ke gani, yaushe za a goge in na bar aiki? Kalmar sirri in ta fita a canza ta, yatsa kuwa ba a canza shi.

Abokin aikina ne ya ɗauke ni ina barci ya sa a zauren ma'aikata, yanzu ya zama abin tsokana.

Fara da shi, cikin mutunci, ka ce ya goge. In ya ƙi, admin, sannan shugaban wurin. Idan zauren na ofis ne, hukumar wurin ba za ta ce babu ruwanta ba. In abin ya wuce wasa ya zama barazana, ko neman kuɗi, ko yaɗa hoton tsiraici, to ya zama laifi, a kai wa 'yan sanda. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi saƙon batsa da barazana. Ka adana shaida kafin ka yi magana, domin da zarar an ji motsi ake gogewa.

Ni kuma fa, zan iya ɗaukar hoto a wurin aiki in sa a shafina?

Yadda kake son a tambaye ka, haka za ka tambayi wasu. Ma'aikatan asibiti su fi kowa kiyayewa: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne. Hoton jariri a ɗakin haihuwa, hoton rauni, katin mara lafiya da ya fito a bayanka kana ɗaukar kanka, duk suna iya jawo hukunci daga wurin aiki da kuma hukumar da ta ba ka lasisi. Ko don neman wa mara lafiya taimako ne, sai da yardarsa ko ta waliyyinsa.

Malamai kuma, yara ba su isa ba da izini ba. Sashe na 31 na dokar 2023 ya ce iyaye ko mai riƙo ne ke bayarwa. Bidiyon yaron da ya kasa karatu, ana yi masa dariya, wanda wasu ke sawa don tara mabiya, ni ban ga bambancinsa da cin amana ba.

Ni na buɗe wa shagon shafin Instagram da lambata, na tara mabiya. In na tashi tafiya, na wa ne?

In da sunan shagon aka buɗe, don cinikinsa, a cikin aikinka, mai shago ne ke da hujja mafi ƙarfi. Ku raba tun yanzu: a mayar da shafin kan layin shago, ka cire lambarka da imel ɗinka.

Mai ɗaukar aiki zai iya leƙa shafina kafin ya ɗauke ni?

Abin da ka bari a buɗe, zai gani, kuma suna dubawa. Abin da bai kamata ba shi ne ya yi shigar burtu da shafin bogi, ko ya sa wani ya leƙo masa abin da ka rufe. Kafin ka kai takardar neman aiki, shiga saitin shafinka ka ga abin da baƙo ke gani.

An taka haƙƙina. Ina zan dosa?

Fara daga cikin gida, kuma a rubuce. Ba sai doguwar wasiƙa ba, ko saƙon waya ya isa: "Yallaɓai, barka da aiki. Hotona da aka sa a shafin kamfani ranar kaza, ban ba da izini ba, ina roƙon a cire shi cikin mako guda. Na gode." Ka ajiye kwafi, da sikirinshot mai nuna rana. Manyan wurare irin bankuna da jami'o'i suna da jami'in kare bayanai, shi za ka nema. In kana da ƙungiya, ta malamai ko ta ma'aikatan lafiya, sa ta a ciki. A ƙaramin wuri kuwa, dattijon da mai gida ke jin nauyinsa yakan kashe maganar da yamma ɗaya.

In ba a ji ba, sashe na 46 na dokar 2023 ya ba ka damar kai ƙorafi ga NDPC. Hukumar na iya umartar a gyara, a biya diyya, ko ta ci tara. Ga manyan masu sarrafa bayanai, tarar na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Ba barazanar baki ba ce: a 2024 hukumar ta ci wani banki tarar sama da naira miliyan 555. Sashe na 51 kuma ya bar maka ƙofar zuwa kotu neman diyya da kanka.

Idan maganar ta haɗa da kora, dakatarwa ko yankan albashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce mai hurumi, tana da rassa a Kano da Kaduna. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, dukansu suna aiki a jihohi. Ma'aikacin gwamnati kada ya yi jinkiri, domin lauyoyin hukuma kan kafa hujja da dokar da ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara a kan jami'an gwamnati. Ranar da za ka je, ka riƙe takardar ɗaukar aiki, takardar tuhuma in an ba ka, shaidar albashin watannin baya, da kwafin saƙon da ka aika.